Kafin a miƙa wa ɗan aiken kwamfuta makullan rezo: yadda ake auna ƙwarewarsa, daga Yamai har Tebaram

Duk wanda ya taɓa bin layi a wurin karɓar kuɗi a Tawa ya san wannan magana: "Ku yi haƙuri, babu rezo." Da an faɗe ta sai kowa ya nemi inuwa. Tsohuwar da ta biya kuɗin mota tun daga Tebaram ko Takanamat don karɓar saƙon ɗanta da ke bida a Abijan, ita ma sai ta samu gefe ta zauna, ba ta san ko da kuɗin hatsi za ta koma gida ba ko hannu wofi. A Adar, inda gidaje da yawa ke dogara da abin da ƴan bida suka aiko, rezo ya daɗe da shiga sahun ruwa da hanya.

Idan ya ɗauke mukan ɗora laifin a kan wuta, ko iska, ko wayar da aka tsinke a wani wuri, kuma sau da yawa da gaskiyarmu. A ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, Nijar na cikin ƙasashen da suka ji a jikinsu, duk da ba mu da teku. Sai dai akwai wani irin ɗaukewar da babu ruwan iska ko waya a cikinsa. Mai karatu zai iya tuna Litinin 4 ga Oktoba 2021, ranar da WhatsApp da Facebook da Instagram suka yi shiru tun bayan la'asar har dare, kusan awa shida. Bayanin da kamfanin da kansa ya fitar ya ce umarni ɗaya ne aka bayar a lokacin aikin gyara na yau da kullum, da nufin a duba ƙarfin hanyoyin da ke haɗa cibiyoyinsa, sai umarnin ya katse hanyoyin baki ɗaya. Akwai manhajar da aka ajiye musamman don ta tare irin wannan kuskure, amma ita ma tana da nata aibin, ta bar shi ya wuce. Da abin ya faru, injiniyoyin sun kasa shiga na'urorin daga nesa, domin hanyar shigar tana cikin abin da ya mutu. Dole aka tura mutane da ƙafarsu zuwa cibiyoyin.

Mutum ne ya ba da wancan umarnin. Yau kuma kamfanonin fasaha suna tallar wani sabon ma'aikaci da zai riƙa rubuta irin waɗannan umarnai yana aiwatar da su da kansa: manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda masu Faransanci ke taƙaita sunanta da IA. Tambayar da ke gaban duk shugaban sashen kwamfuta, a banki ne ko a kamfanin salula ko a ma'aikatar gwamnati, ita ce yadda zai gane ko wannan ma'aikaci ya iya aikin kafin ya ba shi makulli.

Daga hannu zuwa rubutu

A da, idan za a kafa babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai tana yi wa sauran hidima, wadda ake kira uwar garke, ma'aikaci ne ke zama gabanta ya sa manhajoji ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ƙofofin da ya kamata, ya rufe sauran. In guda hamsin ne, sai ya yi sau hamsin, kuma da wuya ta hamsin ta yi daidai da ta farko. Kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya ɗanɗana wannan a ranar 1 ga Agusta 2012: an sa sabuwar manhaja a kwamfutoci bakwai, aka manta ta takwas, cikin minti 45 ya yi asarar kusan dalar Amurka miliyan 440.

Maganin da aka samo shi ne a rubuta yadda ake son na'urorin su kasance a cikin fayil, sai wata manhaja ta karanta ta aiwatar a kan dukansu iri ɗaya. Ansible ta fito a 2012, Terraform da Kubernetes suka biyo baya a 2014, kuma su ne kayan aikin da ɗalibin kwamfuta ke cin karo da su yau ko a ina yake karatu. Amfaninsu a fili yake: mutum ɗaya daga ofishinsa a Yamai yana iya sauya saitin na'urori ɗari a jahohi takwas cikin ƴan mintoci. Haɗarinsu ma nan yake, tun da kuskure ɗaya yana isa wurare ɗarin da sauri iri ɗaya.

Ɗan aiken IA mataki ne na gaba. Bambancinsa da manhajar hira irin ChatGPT da muka saba yi wa tambaya shi ne an ba shi hannu. Ana ce masa da magana ta yau da kullum, "kafa mini sabon rumbun bayanai, ka haɗa shi da manhajar biyan albashi," sai ya tsara matakai, ya rubuta fayil, ya buga umarni, ya karanta abin da na'urar ta amsa, ya gyara, ya ci gaba. Shi ya sa na zaɓi in kira shi ɗan aike.

To amma ɗan aike, komai wayonsa, bai san gidanka ba. Bai san cewa a ma'aikatarku ba a taɓa na'ura ranar biyan albashi ba, ko cewa kwamfutar nan mai tsohon suna ita ce ke riƙe da komai. Don cike wannan giɓi, a watan Oktoban 2025 kamfanin Anthropic na Amurka ya fito da wani tsari da da Ingilishi ake kira skill, masu Faransanci kuma su ce compétence, ni kuwa zan kira shi kundin ƙwarewa. A watan Disamba na wannan shekarar aka buɗe tsarin ga kowa, wasu kamfanonin ma suka ɗauka. Kundin ba wani abin mamaki ba ne. Jaka ce ta fayiloli, a cikinta akwai takarda mai suna SKILL.md da ke farawa da sunan kundin da ɗan bayanin lokacin da ya kamata a yi amfani da shi, sai umarnai a rubuce da harshen mutane, wani lokaci da ƙananan manhajoji a haɗe. Ɗan aiken yana fara ganin suna da bayanin ne kawai, sai in ya ga aikin da aka ba shi ya dace da kundin sannan ya buɗe sauran. Kowa na iya rubuta kundi, kowa na iya sauko da na wani daga intanet kyauta, har matashin da ke gyaran kwamfuta a kasuwar Tawa.

A nan matsalar take. Takarda ce da ke karantuwa kamar littafin koyarwa, kuma mu da muka yi jami'a da Faransanci an horar da mu mu girmama rubutu mai tsari, mai babi da ƙaramin babi. Na karanta kundaye da dama irin waɗannan da ko malamin adabi ba zai samu abin gyarawa ba. Kyan rubutun bai gaya mini komai ba game da abin da zai faru in an sake su a kan na'ura mai rai.

A duba na'urar, kar a tambayi ɗan aiken

Ka'idar farko ta masu auna irin wannan kundi ita ce ba a karɓar shaidar ɗan aiken a kan kansa. A watan Yulin 2025 wani ɗan kasuwar fasaha na Amurka, Jason Lemkin, ya ba da labarin abin da ya same shi da ɗan aiken kamfanin Replit. Ya umarce shi ƙarara da kar ya taɓa komai, amma ya goge rumbun bayanan da ake aiki da shi, mai ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni sama da 1,200. Da aka tambaye shi ko za a iya dawo da su, ya ce ba zai yiwu ba. Lemkin ya gwada da kansa, bayanan suka dawo. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya fito ya ce abin da ya faru ba abin yarda ba ne, kamfanin kuma ya sanar da raba rumbun gwaji da rumbun aiki. Darasi biyu ne a nan: rubuta "kar ka taɓa" a takarda ba katanga ba ce, kuma abin da ɗan aiken ya faɗa game da aikinsa yana iya zama kuskure ko da da yaƙini ya faɗe shi.

Saboda haka gwaji na gaskiya yana farawa da filin gwaji, wato kwafin na'urorin ma'aikatar da babu mai dogara da su. Sai a rubuta ayyuka na zahiri, irin waɗanda ma'aikatan ke yi a mako, kuma tun kafin a fara a rubuta yadda za a gane an yi nasara: manhajar ta tashi, tana amsawa, ƙofofin da ya kamata su zauna a rufe suna rufe, tsofaffin bayanai suna nan yadda suke. Wata ƙaramar manhaja dabam ce ke zuwa ta duba waɗannan, ba tare da ta karanta rahoton ɗan aiken ba. Ana kuma yin kowane aiki sau biyu, da kundin da kuma ba tare da shi ba. Wannan kwatancen ne kaɗai ke nuna ko kundin ya ƙara wani abu, domin akan samu wanda bai ƙara komai ba sai tsawon lokaci da kuɗin amfani, tun da kowace kalmar da ɗan aiken ya karanta biya ake yi. Akwai kuma ƙaramin gwajin da ake yawan tsallakewa: shin kundin yana buɗuwa a lokacin da ya dace? In ɗan bayaninsa ya yi fāɗi da yawa, mutum zai tambayi yawan wurin da ya rage a na'ura, ɗan aiken ya ɗauko kundin kafa sabbin na'urori.

Sau ɗaya ba gwaji ba ne

Manhajar da muka saba da ita, in ka ba ta abu ɗaya sau dubu, amsa ɗaya za ta ba ka sau dubu. Ɗan aiken IA ba haka yake ba. Umarni ɗaya, kundi ɗaya, yau ya bi wannan hanya, gobe ya bi waccan. Shi ya sa nunin da mai talla ke yi a ɗakin taro, inda komai ke tafiya sumul a gaban darakta, ba ya cikin hujja.

A 2024 masu bincike na kamfanin Sierra sun fitar da wani ma'auni mai suna tau-bench, inda suka tambayi abu mai sauƙi: in aka maimaita aiki ɗaya sau takwas, sau nawa ɗan aiken zai ci duka takwas ɗin? Manhajar GPT-4o, wadda ke cikin na gaba-gaba a lokacin, ta kasa kai kashi 25 cikin 100 a ayyukan da suka shafi ciniki. A wannan shekarar kuma masu bincike na Jami'ar Michigan da na kamfanin Cisco suka haɗa ayyuka 458 na rubuta fayilolin Terraform, suka sa wa ma'aunin suna IaC-Eval. GPT-4, wadda ta fi sauran, ta ci kusan kashi 19 cikin 100 ne a gwajin farko. Manhajojin sun ci gaba sosai tun daga lokacin, kuma ba daidai ba ne a ɗauki alƙaluman 2024 a yanke wa na yau hukunci. Abin da bai tsufa ba shi ne hanyar lissafin.

Mu ɗauka kundi yana cin nasara sau 95 cikin 100, makin da kowane ɗalibi zai yi murna da shi. In aka sa ɗan aiken ya yi aikin a wurare 20, kowanne da nasa zagayen, yiwuwar a gama duka 20 ba tare da kuskure ko ɗaya ba ba ta wuce kashi 36 cikin 100 ba. Wato sau biyu cikin uku, akwai garin da zai kwana da matsala. Wannan ne ya sa ƙwararru ke son kundin da ke rage wa ɗan aiken zaɓi a wuraren haɗari. Inda aikin ke buƙatar tunani, kamar gano dalilin da ya sa na'ura ke jinkiri, a bar shi ya yi tunani. Inda kuwa matakai ne tsayayyu, kamar sauya tsarin rumbun bayanai, kundi mai kyau yana ɗauke da ƴar manhajar da mutum ya rubuta ya gwada, ɗan aiken kiranta kawai zai yi.

Gwajin da ba a yi mana a Kaliforniya

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya shafi Paris kamar yadda ya shafi Yamai. Abin da ya keɓanta da mu shi ne yanayin da na'urorin ke zaune a ciki. Wanda ya rubuta kundin a Amurka ko Turai ya ɗauka ba tare da ya faɗa ba cewa wuta ba ta ɗaukewa, layi ba ya yankewa, kuma in abu ya ɓaci akwai mai taka ƙafa ya je ya danna maɓalli. Babu ɗaya daga cikin ukun da za a iya rantsuwa a kansa a arewacin Adar. Mun ga yadda ƙasar ta kasance daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nigelec. Turken salula a ƙauye da batir da farantan sola ko gurup yake rayuwa. Daga Yamai zuwa Tawa tafiyar sama da kilomita 500 ce, daga Tawa kuma sai an sake nausawa yamma kafin a kai Tebaram, a yankin da ke maƙwabtaka da Tiliya, inda dokar ta-ɓaci ta fara aiki tun 2017. Tura ma'aikaci irin wannan wuri don ya gyara kuskuren layi ɗaya ba ƙaramar shawara ba ce, ga kuɗi, ga kwanaki, ga ran mutum.

Don haka gwajin da ya fi kowanne muhimmanci a wurinmu shi ne na katsewa. Ana tsakiyar aiki a filin gwaji, sai a zare wayar intanet da gangan, ko a kashe na'urar. In layi ya dawo, me ɗan aiken zai yi? Mai kyau zai fara duba inda aka tsaya, ya gane matakai uku sun shiga biyu ba su shiga ba, ya ƙarasa ko ya warware. Marar kyau zai sake farawa daga farko a kan abin da aka yi rabi, ya kafa abu biyu inda ake son ɗaya, ko ya ga ragowar aikinsa ya ɗauka shara ce ya goge har da abin da ba nasa ba. Masu sana'ar suna da ƙa'ida a kan wannan: umarni mai kyau shi ne wanda in an maimaita shi sau goma, sakamakon daidai yake da na sau ɗaya. Ansible da Terraform an gina su a kan wannan ƙa'ida, amma ɗan aiken da ya ga hanya ta toshe yakan kauce musu ya buga umarni kai tsaye. Kundin da bai hana shi wannan ba ya faɗi, komai makinsa a sauran gwaje-gwajen.

Sai kuma batun reshen da mutum ke zaune a kai. Na'urar da ke Tebaram ta hanyar rezon da take bayarwa ake shiga cikinta. In sabon saiti ya rufe wannan hanya, babu sauran mai iya gyara ta daga nesa, mutum ko IA. Abin da ya samu Facebook ke nan, shi ne kuma ya samu kamfanin Rogers na Kanada a ranar 8 ga Yuli 2022, lokacin da mutane sama da miliyan 12 suka rasa waya da intanet, wasu har suka kasa kiran lambar gaggawa, ma'aikatan kamfanin ma suka sha wahalar samun junansu domin layin nasu suke amfani da shi. Maganin wannan tsoho ne, ya girmi ɗan aiken IA nesa ba kusa ba. A na'urorin kamfanin Juniper, alal misali, akwai umarnin da ke shigar da sabon saiti na ɗan lokaci, in minti goma suka wuce ba a dawo an tabbatar ba, na'urar da kanta ta koma tsohon saitinta. Mai duba kundi sai ya nemi irin wannan a ciki. In kundin na taɓa na'urorin nesa kuma babu hanyar komawa baya da ba ta buƙatar layi, ba a yi shi don ƙasa irin tamu ba.

Rahoton binciken da hukumar sadarwar Kanada ta sa aka yi kan Rogers ya ƙunshi wani abu da ya tsaya mini a rai. Aikin matakai bakwai ne, an fara ɗaukarsa a matsayin mai babban haɗari. Da matakai biyar na farko suka wuce lafiya, tsarin auna haɗarin ya sauko da na shida zuwa ƙaramin haɗari, aka sassauta bincike, kuma shi ne ya kayar da komai. Haka za ta faru da ɗan aiken da ya yi wata uku bai yi kuskure ba: wanda aka ɗora wa duba shirinsa zai fara danna "na yarda" ba tare da ya karanta ba.

Wa za a fara gwadawa a kansa?

Bayan filin gwaji, ba a sakin sabon abu a ko'ina lokaci ɗaya. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya koyi wannan a ranar 19 ga Yuli 2024, da ya tura sabuntawa mai aibi ga abokan cinikinsa gaba ɗaya, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka tsaya a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage aiki, kuma da yawansu sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Daga baya kamfanin ya yi alkawarin riƙa saki kaɗan-kaɗan.

To kaɗan ɗin farko su wane ne? A nan nake ganin ya kamata mu sa ido. Lissafin kasuwa zai ce a fara da inda masu amfani ba su da yawa, domin in ta ɓaci asarar kaɗan ce, ƙorafi ma ba zai kai kunnen kowa ba. In aka bar ɗan aiken ya zaɓa da wannan ma'auni, ƙauyukan Tebaram da Afala da Barmu zai ɗauko, ba unguwar Plateau ta Yamai ba. Alhali nan ne gyara ya fi wuya, nan ne kuma mutum ba shi da layi na biyu ko banki na kusa da zai koma. A ganina kundin da aka rubuta don Nijar ya kamata ya faɗa a sarari cewa ana farawa ne da wurin da ma'aikaci zai iya isa cikin rabin awa, a bar na nesa su zo ƙarshe, bayan an ga abin ya zauna. Wannan ba ya cikin kowane ma'aunin da aka buga a waje, sai mu muka sa shi.

Makullai ma haka. A filin gwaji ana ajiye tarko da gangan: kalmar sirrin da ba ta aikin ba ce a bar ta a fili, a ga ko zai ɗauka, a ba shi aikin da hanya mafi sauƙi ta gama shi ita ce goge wani abu, a ga ko zai tsaya ya tambaya. Amma ko ya ci wannan jarrabawa, izinin da ake ba shi a na'ura mai rai ya tsaya iya aikin, kuma kwafin ajiya ya zauna inda hannunsa ba ya kaiwa. Terraform tana da matakin da ke nuna abin da za a ƙara, da abin da za a sauya, da abin da za a rushe kafin a aiwatar. Duk shirin da ke da rushewa a ciki, mutum mai suna ne ya kamata ya sa hannu.

Kundin da aka sauko da shi daga intanet kuwa, sai an karanta shi layi-layi har da ƙananan manhajojin da ke ciki, domin ɗan aiken yana bin abin da ya karanta. A Yulin 2025 wani ya yi nasarar cusa umarnin goge fayiloli a cikin manhajar Amazon Q da masu rubuta manhaja ke amfani da ita, har aka rarraba ta. Amazon ya ce kuskuren rubutu ne ya hana umarnin aiki.

Harshe, da kuma wanda zai amsa tambaya

Yawancin kundayen da Ingilishi aka rubuta su. Ma'aikatanmu da Faransanci suke ba da umarni, sunayen na'urori da na garuruwa kuma a cakuɗe suke: Tahoua a wannan fayil, Tawa a wancan, Tébaram da alama a kan harafi a nan, babu ita a can. Ƙaramin abu ne da ke iya sa a tsallake wuri ko a taɓa wanda ba shi ba. Tun da kundin tsarin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, babu dalilin da zai sa a karɓi sakamakon gwajin da aka yi da Ingilishi kaɗai.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba a wurin talla. Ƙwaƙwalwar mafi yawan waɗannan ƴan aike tana kan kwamfutocin da ke wajen Afirka. Rana irin 14 ga Maris 2024, lokacin da aka fi buƙatar gyara, ita ce ranar da zai yi wuya a same su. Kundi mai kyau yana barin rajistar duk abin da aka yi da fayilolin da mutum zai iya karantawa ya ci gaba da hannunsa. Abin da ɗan aiken ya gani a na'ura kuma, in akwai sunaye da lambobin mutane a ciki, ya fita ƙasa ke nan, kuma wannan batu ne na kare bayanan jama'a.

Ƙasar tana shimfiɗa abubuwan da irin waɗannan kayan aiki za su hau kai. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin ƙauyukan zamani da hukumar ANSI ke jagoranta, da burin kai rezo ƙauyuka sama da 2,000. Aikin wayar fiba ta ƙetaren Sahara da Bankin Raya Afirka ya tallafa ya haɗa da sama da kilomita 1,000 na waya da cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai. Starlink ya fara aiki a hukumance a 2025. Wuraren da za a kula da su suna ƙaruwa fiye da yadda ake yaye injiniyoyi, don haka ba na cikin masu cewa a rufe wa ɗan aiken ƙofa. Abin da ya rage wa mai sayen irin wannan hidima, ko ma'aikata ce ko kamfani, shi ne ya sa a cikin kwangila: jerin ayyukan da aka gwada, sau nawa aka maimaita kowanne, mene ne mafi munin abin da ya faru a cikinsu, da sharaɗin a sake gwajin duk lokacin da aka sauya kundin ko manhajar da ke ƙarƙashinsa, domin kamfanonin suna sauya ta sau da yawa a shekara. Hukumar ARCEP kuwa, da ke bin kamfanonin salula kan ingancin hidima, tana iya fara tambayar ko hannun wa ya ba da umarnin a duk lokacin da aka kawo mata rahoton katsewa.

Gwajin kansa ba ya buƙatar babban jari. Tsofaffin kwamfutoci uku ko huɗu, da na'urar rarraba layi ɗaya, da ɗaliban da suka san Linux sun isa a kafa filin gwaji a cibiyar fasaha ta IUT da ke Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Sai a sa wa kowace kwamfuta sunan wani gari na jahar, a ba ɗan aiken aikinsa, a ɗora wa ɗalibi ɗaya zare waya a lokacin da ya ga dama, wani kuma ya riƙa rubuta garin da ya mutu da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo.